Gawa Mai Tafiya a Kan Takarda: Abin da Na Koya Daga Zanen Ban Tsoro

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1979 ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban ɗakin taro na makaranta, Tudun Wada, Zariya.





Lokacin da Sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi bana, na tambaye shi a kan me, ya ce a kan abin da na fi sani. Likitocin cikinmu sun riga sun tsorata mu da hawan jini, lauyoyi kuma sun yi mana bayanin rabon gado. Ni kuwa da na ƙare ƙuruciyata da girmana tsakanin tawada da takarda a gidan ɗab'i, ba ni da abin da zan kawo muku sai abin da aka kama ni da shi ina aji biyu, wato littattafan labari cikin zane waɗanda muke kira komik, musamman masu labarin gawa mai tafiya, wadda ake ce wa zombi. Na ga wasu sun fara murmushi. Ku yi mini haƙuri, akwai inda na dosa, kuma akwai abin da zan roƙa a ƙarshe.

Yadda Aka Kama Ni

A shekarar 1976 ne, wata Asabar da aka ba mu izinin fita, na je kasuwar Sabon Gari na tarar da wani mai sayar da tsofaffin littattafai ya baza su a ƙasa. A ciki na tsinci wata mujalla daga Amurka mai suna Tales of the Zombie, bangonta ya yage, ba launi a cikinta sai baƙi da fari. Na ba da sule biyu, kuɗin ƙosaina na kwana da kwanaki, na cusa ta cikin riga. 'Yan ɗakin kwananmu da ke nan shaida ne, sai da ta zaga gado-gado, kuma akwai wani babban mutum a zaune a layin gaba yau wanda ya yi mako guda ba ya iya fita fitsari da dare sai da rakiya. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa.

Ni ba karantawa kaɗai na tsaya yi ba, kwaikwayon zanen na shiga yi a bayan littafin lissafina. Rannan a wurin karatun dare wani siniya ya kama ni, ya sa ni gwale-gwale, da safe kuma ya kai ni gaban malaminmu na zane, Allah ya jiƙansa. Na riga na sadaƙar cewa bulala ce. Malam ya duba mujallar shafi-shafi, ya duba nawa zanen, sa'an nan ya ce: "Kai, wannan hannun mutum ne ko reshen rogo?" Ya rufe tagogin ɗakin zane, ya kunna fitilar ƙwai, ya riƙe ta daidai ƙarƙashin haɓarsa. Jama'a, malamin da na sani mai fara'a nan take ya koma dodo. Ya ɗaga fitilar sama da kansa, ya dawo malaminmu. Ya ce mini: "Ka gani? Ba aljani a cikin takardar nan. Haske ne da inuwa, kuma mutum ne kamarka ya zauna ya tsara su." Hukuncin da ya yanke mini shi ne in zana hannuna na hagu sau goma kullum har mako biyu. Mujallar kuwa ya kulle ta a durowa sai ranar hutu ya ba ni.

Wannan hukunci shi ya zama sana'ata, da ita na yi aure, da ita na ciyar da iyali.

Mene Ne Zombi?

Mu dai Musulmi da Kirista da ke cikin ɗakin nan mun san wanda ya mutu ba ya dawowa sai ranar tashin alƙiyama. Saboda haka labari ne, amma labari mai asali, kuma asalin nasa ya shafe mu.

Zombi ba na Turawa ba ne. Daga ƙasar Haiti ya fito, ƙasar da aka cika da bayi daga Afirka don noman rake, waɗanda suka yi tawaye suka kori Faransawa, suka kafa ƙasarsu a 1804. Masana suna danganta kalmar da harsunan yankin Kongo. A camfin mutanen Haiti, boka yana iya tono mamaci, ya riƙe kurwarsa, ya sa gangar jikin ta yi ta yi masa noma ba lada, ba magana, ba tunani. Ku lura da kyau: abin da jikokin bayi suka fi tsoro shi ne a ce ko mutuwa ba ta 'yanta mutum daga bauta ba. Wannan bai yi nisa da mu ba. Mu ma mun tashi muna jin labarin maye ya kama kurwar yaro, jiki na nan kwance amma mai jikin ba ya nan. A Kamaru ma akwai camfin da ke cewa wasu masu kuɗi suna sayar da danginsu su je su yi musu aikin gona a ɓoye a kan dutsen Kupe.

Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a nan ne labarin ya tsallaka. Wani marubuci William Seabrook ya buga littafi a kai a 1929, aka yi fim mai suna White Zombie a 1932. Zombin da yaranmu suka sani yau, mai cin naman mutane, mai tafiya garke-garke, wanda cizonsa ke yaɗuwa kamar annoba, wannan sabo ne. Ya samo asali daga fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead.

Mu 'yan Nijeriya kuwa, a shekarar da aka kama ni, kalmar ta shigo bakinmu ta wata ƙofa. Fela Anikulapo Kuti ya yi waƙa mai wannan suna, inda ya kwatanta soja da wanda ba ya motsi sai an ba shi umarni. Abin da ya biyo baya sananne ne: a watan Fabrairu 1977 sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas, aka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a 1978. Kun ga ke nan kalmar ba ta wasan yara ba ce kawai.

Yadda Doka Ta Kore Shi, Ya Dawo Ta Taga

A farkon shekarun 1950 wani kamfani a Amurka mai suna EC, na William Gaines, ya yi fice da komik na ban tsoro, irin su Tales from the Crypt da The Vault of Horror. Yawancin labaransu fasali ɗaya ne: azzalumi ya kashe wani don kuɗi ko don mace, sai wanda aka kashe ya fito daga kabari ya rama. Wato a hannunsu gawa mai tafiya alƙali ce, alhaki ne da ke bin mai shi.

Iyaye suka tayar da hankali, kamar yadda namu suka yi. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi a 1954 yana cewa komik ne ke lalata tarbiyyar yara. A shekarar nan Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan batun, aka kira Gaines aka nuna masa bangon wata mujallarsa mai zanen kan mace da aka sare. Kafin shekara ta ƙare kamfanonin da kansu suka kafa doka da hukumar tace komik, wadda ta hana zanen matattu masu tafiya da masu shan jini da makamantansu. Mujallun ban tsoro na EC suka mutu. Ingila ma ta yi tata dokar a 1955.

To, amma an ce hana wani, hana kai. Dokar ta shafi ƙananan komik masu launi ne kawai, ba ta shafi manyan mujallu ba. Sai masu ɗab'i suka koma buga manyan mujallu cikin baƙi da fari, kamar Creepy da ta fara fita a 1964. Da aka sassauta dokar a 1971 an bar masu shan jini sun dawo, amma zombi bai sami afuwa ba, har kamfanin Marvel ya riƙa sauya masa suna yana kiransa zuvembie don ya wuce hukuma. Mujallar da na saya a Sabon Gari ta Marvel ce, ta fito daga 1973 zuwa 1975, kuma dalilin rashin launinta ke nan. Labarinta na wani attajiri ne, Simon Garth, wanda aka mai da shi zombi, duk wanda ya riƙe wata laya shi ke juya shi yadda ya so. Pablo Marcos, mutumin ƙasar Peru, shi ya zana mafi yawan labaran.

Abin mamaki, korar da aka yi masa ita ta ƙara wa zanen ƙarfi, domin inda ba jan launi da za a ɓuya a bayansa, dole mai zane ya iya haske da inuwa. Da Robert Kirkman ya fara The Walking Dead a 2003, da zanen Tony Moore sa'an nan Charlie Adlard, cikin baƙi da fari aka yi shi har fitowa ta 193, inda ya ƙare a 2019. Ita kuwa hukumar tacewar ta rushe a 2011.

Yadda Ake Zana Tsoro

Yanzu bari in buɗe muku jakar boka, ku ga ba kome a ciki sai dabara.

Na farko, haske. Allah ya saba mana da haske daga sama, rana ko wata. Idan aka kawo shi daga ƙasa, inuwa sai ta juye, ramin ido ya yi zurfi, hanci ya jefa inuwa a goshi, fuskar da ka sani ta zama baƙuwa. Darasin fitilar ƙwai ke nan.

Na biyu, ido. Mai zane yana sa ɗan ɗigon fari a ƙwayar ido, shi ne alamar rai. Cire wannan ɗigo, ko ka bar idon fari fat, ka kashe mutum ba tare da ka zana ko ɗigon jini ba. A nan ne ake gane gwani, domin zombi na ainihi ba ruɓewa ce ke ba da tsoro a jikinsa ba, a'a, ka dubi fuska ka ga ba kowa a ciki.

Na uku, tsayuwa. Mai rai idan ya tsaya nauyinsa na kan ƙafa ɗaya, kafaɗa da ƙugu suna daidaita juna. Gawa mai tafiya kuwa ana zana ta kai ya langaɓe, kafaɗa ɗaya ta zube, hannuwa sun yi nauyi, kamar buhun da aka rataye. Ba ka iya karya wannan tsari sai ka san shi. Dole ka san ƙashi da jijiya kamar ɗalibin likita. Shi ya sa Malam ya fara da hannuna.

Na huɗu, layi. Kowane gwani da irin alƙalaminsa. Graham Ingels na kamfanin EC, wanda ke sa hannu da laƙabin Ghastly, siraran layuka yake ja masu kama da abin da ke narkewa yana ɗiga. Jack Davis yana tara ƙananan layuka suna gicciye juna har inuwa ta yi kauri. Johnny Craig kuwa tsaf-tsaf yake zane, ya fi son ya nuna fuskar wanda ya ga abin tsoron, gumi na keto masa.

Na biyar, kuma mafi girma, abin da ba a zana ba. An raba shafin komik gida-gida. A gida na farko ka ga hannu yana tura ƙofa, a na biyu ka ga fitila ta faɗi ƙasa. Abin da ya faru a ɗan farin filin da ke tsakaninsu, kai mai karatu ka zana shi a zuciyarka. Gwani kuma yakan ajiye babban abin tsoro a bayan shafi, sai ka juya da hannunka ka gamu da shi. Kakanninmu mata sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro komik. Wa ya taɓa jin an siffanta Dodo filla-filla a tatsuniya? Sai dai a rage murya, a yi shiru kaɗan, kowane yaro ya ƙera nasa Dodon.

Mu Fa a Zazzau?

Ranka ya daɗe, ga inda na dosa. Idan akwai garin da ya kamata a ce shi ne gidan labari cikin zane a Arewa, to Zariya ce. Nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Alhaji Abubakar Imam na edita. Nan kusa da mu aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan kamfanin NNPC mai buga littattafai a 1966. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce yana tuna zane-zanen cikinsa kamar yadda yake tuna labaran. A Samaru kuma, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, da manufar a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida. Onobrakpeya ne ya zana dodanni da aljanun littafin D. O. Fagunwa da Wole Soyinka ya fassara zuwa Turanci a 1968. Hannun da ya zana dodannin Yarbawa, a Zariya aka horar da shi. Kafin su duka kuwa akwai Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni, akwai magina masu zanen bango, da masu zayyanar allo, da maɗinka masu aska takwas. Hannu dai muna da shi.

Amma me muka karanta muna yara? Yayyenmu sun karanta Spear, labari cikin hotuna da kamfanin Drum ya buga. Mu muka karanta Powerman, wanda aka fara a 1975 don kasuwar Nijeriya, amma Turawan Ingila biyu ne, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka zana shi, har ana sa wa kowane gida lamba wai don kada mu ɓata. Daga Legas Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super. A baya-bayan nan matasan Kudu sun farka: an fara taron masu komik na Legas a 2012, an kafa Comic Republic a 2013, C. J. Obasi ya yi fim ɗin zombi mai suna Ojuju a 2014, inda gurɓataccen ruwan sha a unguwar talakawa ne tushen annobar. Roye Okupe kuma ya fitar da Malika, jarumar sarauniya da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina. Ina yi masa murna, amma ina tambaya: Aminar Zazzau, sai wani ya zana mana ita?

Kwanan baya jikana ya nuna mini wasan harbin zombi a waya. Na tambaye shi wa ya zana waɗannan halittu. Ya dube ni da mamaki, bai taɓa tunanin cewa wani ne ya zana su ba. Wannan ya fi zombin ba ni tsoro. Yaro ya zauna awa uku, ido a buɗe, yatsa na motsi, an kira shi sallah bai ji ba, wani can a wata ƙasa yana riƙe da layar. Ku gaya mini, tsakanin shi da abin da yake harbi, wane ne aka kama wa kurwa?

Ba na cewa a sakar wa yara kome. Akwai zanen da ƙazanta ce zalla, bai dace da yaro ba, kuma hakkin iyaye ne su duba. Batun zanen abu mai rai kuwa malaman addini sun yi bayani a kansa, gare su za a koma, ni ba fagena ba ne. Amma tarihin da na kawo ya nuna cewa ƙwacewa kaɗai ba ta magani. Amurka da ƙarfinta ta hana, abin ya dawo ta taga. Siniyan da ya kama ni ya ƙwace, washegari da na sami wata zan saya. Malam ne ya yi maganin abin, domin ya ɗauke ni daga mai kallo ya mai da ni mai yi. Yaron da ya san yadda aka haɗa hoto, hoto ba ya mallakarsa.

Roƙona

Da safen nan na zaga na leƙa ɗakin zane. A kulle yake, an tara karyayyun kujeru a ciki. Ban ɗora wa kowa laifi ba, mu da muka ci moriyarsa muka tafi ba mu waiwayo ba. Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku.

Na ɗaya, a gyara ɗakin nan, a sa tebura da fensir da burushi da tawada da takarda. Mun yi wa makaranta rijiya da katanga, wannan bai kai su tsada ba. Na biyu, a nemi shugabannin makaranta su yarda mu gayyato ɗaliban zane daga Samaru su riƙa zuwa ranar Asabar suna koya wa yara. Na uku, a sa gasa duk shekara: labari mai shafi huɗu cikin zane, da Hausa, daga tatsuniyoyinmu ko tarihinmu ko abin da ke damun unguwa, ko da na ban tsoro ne, a buga wanda ya yi na ɗaya a mujallarmu. Takarda da tawada da ɗab'in shekarar farko, na ɗauka. Wanda na raka fitsari a 1976 kuma, ina sa ran zai ɗauki tebura.

Ba duka za su zama masu zane ba. Amma mai zanen gini da injiniya da likitan tiyata da tela duk ido da hannu suke buƙata.

Kammalawa

Mutanen Haiti suna cewa ba a ba zombi abinci mai gishiri, domin ranar da ya ɗanɗana gishiri hankalinsa zai dawo, ya gane halin da yake ciki, ya bar gonar ubangidansa. Mu kuma Hausawa mun ce ilimi gishirin zaman duniya. Malamanmu da ke zaune nan, ku kuka ɗanɗana mana shi, ba mu da abin biyanku. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, ya haskaka kabarinsu. Ku da kuke raye Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama lafiya. Mu kuma Allah ya ba mu ikon miƙa wa na baya abin da aka miƙo mana.

Idan na yi kuskure ko na tsawaita, a gafarce ni.